Tower Hamlets: yadda mutumin da kotu ta tsige ya dawo da ƙuri'ar jama'a

Ranar Alhamis 5 ga Mayu 2022 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 32 na birnin Landan, kuma kafin gari ya waye jaridun Birtaniya sun riga sun sami kanun labaransu. Jam'iyyar Labour ta ƙwace Wandsworth, wadda ke hannun 'yan Conservative tun 1978. Ta ƙwace Westminster, wadda ba ta taɓa fita daga hannunsu ba tun zaɓenta na farko a 1964. Ta haɗa da Barnet. A lokacin ƙurar shagulgulan da aka yi a fadar Firaminista ana tsakiyar kullen korona ba ta lafa ba, 'yan sanda sun ci Firaminista Boris Johnson tara a watan Afrilu, don haka masu sharhi suka taru a kan magana ɗaya: jama'a sun huce haushinsu a kan gwamnatin Conservative. Akwai gaskiya a ciki, domin wata biyu bayan nan Johnson ya sanar da murabus.

Sai dai sakamakon da ya fi cancantar a zauna a kansa bai fito a daren ba. Da yammacin Juma'a aka sanar da cewa Lutfur Rahman ya ci kujerar magajin garin Tower Hamlets, a gabashin birnin, da ƙuri'a 40,804, ya kayar da mai ci, John Biggs na Labour, wanda ya sami 33,487. Washegari aka gama ƙirgen ƙuri'un kansiloli. Jam'iyyar Rahman, mai suna Aspire, wadda babu ita a ko'ina sai a wannan ƙaramar hukuma, ta ɗauki kujera 24 cikin 45. Labour ta tashi da 19, alhali shekara huɗu kafin nan 42 take da su. Wannan Rahman ɗin kuwa shi ne wanda kotun zaɓe ta sauke daga wannan kujera a 2015, ta same shi da laifin maguɗi, ta hana shi tsayawa takara har shekara biyar. Wa'adin na cika ya dawo, mutane suka ba shi abin da kotu ta karɓe.

Kafin a gane nauyin wannan, sai an san abin da ƙaramar hukuma take riƙe da shi a Ingila. Ita ke kwashe shara, ita ke gyaran titunan unguwa da tsara inda za a ajiye mota. Ita ke ba da izinin gini. Tana da gidajen haya masu rangwame, kuma ita ke riƙe da jerin sunayen masu jiran a ba su. Kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da iyayensu suka gaza, wanda shi ne ke cinye kaso mafi tsoka na kasafin kuɗi, yana wuyanta. Kuɗinta na zuwa daga harajin da kowane gida ke biya, wanda har yanzu ake lissafa shi bisa darajar da gidan yake da ita a 1991, da harajin wuraren kasuwanci, da tallafin gwamnatin tsakiya. Wannan tallafin ne aka zaftare kusan rabinsa tsakanin 2010 da 2018, a shekarun tsuke bakin aljihu. Saboda haka kansila a Landan ba mai riƙe da muƙamin ado ba ne. Matar da ke zaune da 'ya'ya huɗu a gida mai ɗaki biyu, bango na tsatsafar da ruwa, ta fi sanin sunan kansilanta a kan sunan ministan gidaje.

A mafi yawan ƙananan hukumomin, kansiloli ne ke zaɓar shugaba daga cikinsu, kuma suna iya sauke shi. Biyar kawai a Landan ke da magajin gari da jama'a ke zaɓa kai tsaye: Hackney, Lewisham, Newham, Croydon da Tower Hamlets. Wannan daban yake da magajin garin Landan baki ɗaya, kujerar da Sadiq Khan ya hau a 2016. Magajin garin ƙaramar hukuma shi ke naɗa 'yan majalisar zartarwarsa, shi ke tsara kasafi, kuma kansiloli ba su da ikon tsige shi don kawai sun gaji da shi. A riƙe wannan, domin rabin labarin Tower Hamlets yana cikinsa. Masu zaɓe kuma ba 'yan Birtaniya kaɗai ba ne. Duk ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, in yana zaune bisa ƙa'ida, yana da ƙuri'a: ɗan Bangaladash, ɗan Najeriya, ɗan Ghana, ɗan Kamaru. Yawancin mutanenmu da ke karatu ko aiki a can suna da wannan haƙƙi, ko sun yi amfani da shi ko ba su yi ba.

Ita kanta Tower Hamlets wuri ne da arziki da talauci ke kallon juna ido da ido. A kudancinta ne Canary Wharf take, inda manyan bankuna irin su HSBC da Barclays suka kafa benaye masu taɓa gajimare. Tafiyar mintuna kaɗan daga nan akwai unguwannin da a wasu shekarun aka ƙiyasta fiye da rabin yaransu na cikin talauci, adadin da ya fi na kowace ƙaramar hukuma a ƙasar. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 310,300 ke zaune a cikinta, kusan kashi 35 cikin ɗari 'yan asalin Bangaladash ne, akasarinsu daga yankin Sylhet, kuma kusan kashi 40 Musulmi ne, kason da babu kamarsa a Ingila da Wales. A titin Brick Lane akwai wani gini na jan bulo da Furotestan 'yan gudun hijira daga Faransa suka gina a 1743 don ibadarsu. A 1898 ya koma wurin ibadar Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai. A 1976 ya zama masallaci. Duk wanda ya sauka Landan ba shi da komai, nan yake fara yada zango.

Ba a karɓi 'yan Sylhet da hannu biyu ba. Ranar 4 ga Mayu 1978, ranar zaɓen ƙananan hukumomi ce ita ma, wasu matasa suka daɓa wa wani tela mai suna Altab Ali wuƙa a unguwar Whitechapel yana hanyar komawa gida daga aiki, ya rasu. Dubban mutane suka bi akwatin gawarsa cikin jerin gwano zuwa fadar Firaminista, kuma filin shaƙatawar da ke kusa da inda ya faɗi sunansa yake ɗauke da shi yanzu. A 1993 jam'iyyar BNP ta masu ƙyamar baƙi ta ci kujerar kansila ta farko a tarihinta, a mazaɓar Millwall, cikin wannan ƙaramar hukuma. Daga irin wannan ne al'ummar ta koyi cewa kariyarta tana cikin rajistar zaɓe da katin jam'iyya, kuma jam'iyyar da suka shiga ita ce Labour. A cikinta Rahman ya taso. An haife shi a Sylhet, ya girma a gabashin Landan, ya zama lauya, ya zama kansila a 2002, ya shugabanci majalisar daga 2008 zuwa 2010.

A nan bango ya tsage. A 2010 jama'a suka amince a ƙuri'ar raba gardama cewa a koma tsarin magajin gari. 'Yan Labour na yankin suka zaɓi Rahman ya yi musu takara. Makonni kaɗan bayan haka uwar jam'iyya ta cire sunansa bisa wasu zarge-zarge, ta ɗora Helal Abbas. Rahman ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya ci da sama da rabin ƙuri'u. Daga ranar ya sami labarin da ya yi masa amfani fiye da kowane kuɗin kamfe: ni ne wanda kuka zaɓa, manya suka ce ba su yarda ba.

A 2014 ya sake ci, da ratar kusan ƙuri'a 3,000 tsakaninsa da Biggs, a zaɓen da ƙirgensa ya ɗauki kwanaki cikin hayaniya. Tun kafin zaɓen, shirin Panorama na BBC ya zarge shi da karkatar da tallafin majalisa zuwa ƙungiyoyin da za su kawo masa ƙuri'a. Ministan ƙananan hukumomi Eric Pickles ya tura masu binciken kuɗi na kamfanin PwC, suka gano cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen rabon tallafi da sayar da wasu kadarori, gwamnati ta naɗa kwamishinoni suka karɓe wasu ikokin majalisar. Amma waɗanda suka kai shi ƙasa ba gwamnati ba ce, ba kuma Labour ba. Masu zaɓe ne guda huɗu, ƙarƙashin jagorancin Andy Erlam, suka shigar da ƙara da kansu, suna sane da cewa in suka faɗi, kuɗin shari'a na iya raba su da gidajensu. Ko mutum na son Rahman ko ba ya so, wannan ƙarfin hali ne da ya kamata a yaba.

Ranar 23 ga Afrilu 2015 alƙali Richard Mawrey ya karanta hukunci mai shafi 200. Ya sami Rahman, shi da kansa ko ta hannun wakilansa, da laifuffuka da dama: an yi rajistar mutane a adireshin da ba nasu ba an kaɗa ƙuri'a da su, an yi wasa da ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya, an yi amfani da tallafin majalisa a matsayin toshiya, an yi wa Biggs ƙazafin wariyar launin fata. Zargin tsoratar da mutane a bakin rumfunan zaɓe kuwa alƙalin ya ce bai kai mizanin doka ba. Aka soke zaɓen, Biggs ya ci wanda aka sake a watan Yuni, kuma a 2017 aka cire sunan Rahman daga jerin lauyoyi.

Akwai sashe ɗaya na hukuncin da ya fi kowanne jawo gardama. Kwanaki kafin zaɓen 2014, wata jaridar harshen Bengali ta buga wasiƙa mai sa hannun limamai da malamai 101 suna goyon bayan Rahman. Alƙalin ya karanta ta a matsayin gaya wa Musulmi cewa zaɓensa wajibi ne na addini, ya kuma kama shi da laifin amfani da tasirin addini ta hanyar da ba ta dace ba. Wannan doka ta samo asali daga shari'o'in Ayalan na ƙarni na 19, lokacin da limaman Katolika ke yi wa mabiyansu barazana da azabar lahira a kan ƙuri'a, kuma an shafe sama da shekara ɗari ba a taɓa ta ba. Mai karatu a Kano ko Damagaram, wanda ya saba jin malami ya ambaci ɗan takara daga kan mumbari, zai yi mamakin cewa wannan na iya rushe zaɓe. A Ingila ma an yi mamakin, har wani sanannen limamin cocin Ingila, Giles Fraser, ya fito ya soki hukuncin, domin shugabannin coci su ma suna rubuta wa mabiyansu wasiƙu gab da zaɓe. A ganina wannan sashe shi ne mafi rauni, kuma ya yi ɓarna biyu. Ya nuna kamar talakan Musulmi ba ya iya jin malaminsa ya kuma yanke wa kansa shawara. Sannan ya ba magoya bayan Rahman abin riƙewa, suka yi ta nuna shi, aka manta da sauran laifuffukan da ba su da alaƙa da addini ko kaɗan. Ƙuri'ar bogi ƙuri'ar bogi ce a kowane harshe. Da 'yan sandan Landan suka ce ba su da isasshiyar shaidar gurfanar da kowa a kotun manyan laifuffuka, sai maganar da ake yi a shagunan shayi na Whitechapel ta ƙara ƙarfi: in ya yi laifi, me ya sa ba a ɗaure shi ba? Amsar ita ce kotun zaɓe ta yi amfani da mizanin shaida mai tsauri irin na manyan laifuffuka, kuma yunƙurinsa na ƙalubalantar hukuncin bai kai ko'ina ba. Shi dai har yau bai amsa laifi ba.

To, me ya dawo da shi? Bayani mafi sauƙi, wanda ya fi yawo a jaridu, shi ne ƙabilanci: 'yan Bangaladash sun zaɓi nasu. Akwai abin da ke goyon bayan wannan, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Duk kansiloli 24 da Aspire ta ci da su maza ne 'yan asalin Bangaladash, babu mace ko ɗaya, a ƙaramar hukumar da kusan kashi biyu cikin uku na mazaunanta ba 'yan wannan al'umma ba ne. Wannan aibi ne babba. Amma bayanin ya kasa amsa tambaya guda. A 2018 Aspire na nan, 'yan takararta na nan, masu zaɓen su ne dai waɗannan, kuma ba ta ci kujera ko ɗaya ba. A 2010 wanda Rahman ya kayar shi ma ɗan Bangaladash ne. Kansilolin Labour da dama da suka faɗi a 2022 daga wannan al'umma suke. Mutanen da ke iya ba Labour kujera 42 yau, su bar ta da 19 bayan shekara huɗu, suna auna wani abu ne.

Abin da suka auna yana bakin ƙofarsu. A lokacin Biggs majalisa ta fito da shirin rage zirga-zirgar motoci a cikin unguwanni. Aka jera manyan akwatunan katako masu shuke-shuke a tsakiyar tituna a unguwar Bethnal Green da kewayen Arnold Circus, aka kafa kyamarori masu cin tara, hanyar da direba ke bi cikin minti biyu ta koma zagaye. Manufar mai kyau ce, domin hayaƙin mota na cutar da huhun yara, kuma kusan kashi biyu cikin uku na gidajen yankin ba su da mota ma. Amma wanda ya fi jin zafin shi ne direban tasi mai aikin dare, da mai kai saƙon abinci, da ɗan da ke ɗaukar tsohuwarsa zuwa asibiti. Da yawansu sun ɗauki shirin a matsayin abin da aka yi don jin daɗin sababbin maƙwabta masu kuɗi da ke hawan keke, ba tare da an tambaye su ba. Rahman ya ce zai buɗe hanyoyin. Ya yi alkawarin gidaje 4,000 masu sauƙin haya cikin shekara huɗu, a wurin da iyalai sama da 20,000 ke layin jira. Ya ce ba zai ƙara harajin gida ba. Ya tuna wa iyaye kuɗin tallafin da ya riƙa ba ɗaliban da suka haura shekara 16 bayan gwamnatin tsakiya ta soke nata. Mutanensa kuma sun san kowane bene, sun san wa ke da faɗa a ji a kowane dangi, sun ƙwanƙwasa ƙofa cikin harshen mai gida.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma zaɓen ya nuna haka a wasu wurare. A Croydon, inda majalisar da Labour ke jagoranta ta ayyana a Nuwamba 2020 cewa asusunta ya ƙare, jama'a suka ba ɗan Conservative, Jason Perry, kujerar magajin gari. Harrow ma ta suɓuce daga hannun Labour. A zaɓen da aka ce guguwa ce ta ƙasa baki ɗaya, ƙananan hukumomi uku sun juya wa guguwar baya saboda dalilan cikin gidansu.

Inda na rabu da magoya bayan Rahman shi ne inda suke cewa ƙuri'ar 2022 ta wanke shi. Ba ta wanke shi ba, kuma ba ta da ikon wanke shi. Tambayar da aka yi wa kotu ita ce me ya faru a 2014. Tambayar da aka yi wa masu zaɓe ita ce wa kuke so ya riƙe ku zuwa 2026. Mutum na iya yarda da hukuncin alƙali ɗari bisa ɗari, ya kuma shiga rumfa ya zaɓi Rahman, saboda ɗansa na buƙatar abincin rana a makaranta. Haka kuma kusan kashi 42 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka fito, don haka mutum dubu arba'in ɗin nan ba su ne dukan Tower Hamlets ba. Inda na rabu da masu sukarsa kuma shi ne inda suke magana kamar masu zaɓen ne suka yi laifi. Doka ta ce shekara biyar, ya yi shekara biyar. Zaɓen 2022 an yi shi ido na kansa, 'yan sanda na bakin rumfuna, kuma babu kotun da ta rushe shi. Wanda ya faɗi a irin wannan zaɓe, kansa ya kamata ya fara tuhuma. Labour ta daɗe tana lissafa ƙuri'ar gabashin Landan kamar gadon gidansu, kuma gargaɗin bai tsaya nan ba: a babban zaɓen 2024 'yar majalisarta Rushanara Ali ta tsira a mazaɓar Bethnal Green da Stepney da ratar da ba ta kai 2,000 ba, a gaban ɗan takara mai zaman kansa, lokacin da yaƙin Gaza ke ci a zukatan mutane.

Shari'ar 2015 ta bar tabo a kan dokar ƙasar gaba ɗaya. Rahoton da Pickles ya rubuta a 2016 kan maguɗin zaɓe ya dogara sosai da abin da ya faru a Tower Hamlets, kuma shi ya share fagen dokar zaɓe ta 2022, wadda ta tilasta nuna katin shaida mai hoto a rumfa, abin da aka fara aiki da shi a Ingila a Mayu 2023. Kafin nan mutum na faɗin sunansa da adireshinsa ne kawai a miƙa masa takarda. Rigimar ƙaramar hukuma ɗaya ta sauya yadda miliyoyin mutane ke kaɗa ƙuri'a.

Bayan ya koma ofis, Rahman ya cika wasu alkawuran da gaske. Daga Satumba 2023 Tower Hamlets ta zama ta farko a Ingila da ke ba duk ɗaliban sakandare abincin rana kyauta, ba tare da an tambayi abin da iyayensu ke samu ba. Tallafin ɗalibai ya dawo. Alkawarin haraji kuwa bai tsaya ba, domin a 2024 an ƙara shi, tare da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Batun tituna ya zama rigima: da aka nemi jin ra'ayin mazauna Bethnal Green, masu son a bar shingayen suka fi yawa, ya yanke shawarar cire su duk da haka, mazauna suka kai shi kotu.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar matsalar ta sake ɗago kai. A Fabrairu 2024 gwamnatin Conservative ta sake tura masu bincike. Rahotonsu ya fito a Nuwamba, lokacin Labour ce ke mulkin ƙasa, ya yaba da himmar ma'aikata da wasu ayyukan, amma ya ce yanke shawara ya taru a hannun wasu 'yan tsiraru na kusa da magajin gari, babu yarda tsakanin ɓangarorin siyasa, kuma kwamitocin da aikinsu shi ne bin diddigi ba su da ƙarfi. Wannan shi ne haɗarin tsarin da ya ɗora iko a kan mutum ɗaya, musamman in jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisa an gina ta ne a kan sunansa, kowane kansila ya san albarkacin wa ya ci. Mutanen Tower Hamlets sun sami damar sauya tsarin a ƙuri'ar raba gardama ta Mayu 2021, suka zaɓi a bar shi da gagarumin rinjaye, shekara guda kafin Rahman ya dawo. A farkon 2025 gwamnati ta naɗa wakilai na musamman da za su zauna a cikin majalisar, su riƙa kai wa minista rahoto, karo na biyu ke nan cikin kimanin shekara goma da aka sa wa mulkin Rahman masu sa ido daga waje.